Geron da Ya Tsiro a Matashin Baba

"Ba kwa ba shi ruwa."

Haka likitan ya faɗa gatsal, yana matse fatar hannun Baba tsakanin yatsunsa. Ya saki fatar, ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Tela ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ita? Ita da ta rufe keken ɗinkinta da zane tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinta, ya ɗauke masa gefen dama da magana baki ɗaya? Ita da ta ɗauko shi daga ƙauye ta ba shi gadonta, ta koma kwana a tabarma?

"Likita, wallahi ina ba shi. Kofin nan ko ajiye shi ba na yi."

"Malama, ni ba gardama nake da ke ba, jikinsa ne ya faɗa mini. Dubi leɓensa. Dubi idonsa yadda ya zurma. In aka ci gaba a haka ƙodarsa za ta tsaya, in kuwa ta tsaya, ba ni da abin da zan yi muku."

Auta, ƙaninta, direban motar haya, yana tsaye a bakin gado yana kaɗa makullin mota. Shi Auta tun yana ƙarami bakinsa ke riga kansa isa wuri, kuma girma bai rage masa komai ba.

"Yaya, ashe haka ake ciki? In kin gaji ai sai ki faɗa. Ruwa fa! Ruwan ma sai an roƙa?"

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta juya tana gyara wa Baba mayafi, don ba za ta yi wa Auta kuka a gaban likita ba. Aka yi wa Baba ƙarin ruwa, aka sallame su da gargaɗi mai zafi: ya sha, ya sha, ya ƙara sha.

Gidan Tela ciki da falo ne a saman bene. Falon shi ne shagonta: keke, tebur, ƙyallaye a ko'ina, da dogon madubi jingine da bango wanda masu kawo ɗinki ke juyi a gabansa. Cikin kuwa yanzu na Baba ne. Yana kwance fuskarsa na kallon taga, kuncinsa na hagu a kan wani ɗan matashin kai da ya zo da shi daga gida, hannunsa mai lafiya kuma kullum a kansa. Matashin cike yake da gero, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne a wurin wanda ya tashi a gidansu. Inna, mahaifiyarsu, Allah ya ji ƙanta, ta sha ɗinka irinsa, ta ɗora a murfin tukunya ya yi ɗumi, ta gasa wa mai ciwon wuya ko mai murɗar ciki. A gidansu na ƙauye gero ya wuce abin ci. Karansa ne dangarsu, dusarsa ta awaki ce, tokarsa ma ba a zubarwa, garinsa kuma shi ne farkon abin da jariri ke lasa bayan nono. Ranar da za a sa Baba a mota, komai ya bari aka ɗauka masa, ban da matashin nan. Tela ta ce a ranta, Allah sarki, Inna yake tunawa. Da ta ga gefen bakinsa na jiƙa shi, sai ta shimfiɗa masa tawul a kai, ta ce dalala ce ta masu irin wannan ciwo.

Washegari da hantsi ta tallafo kansa ta kafa masa kofi. Ya kurɓa da kyau, har ya kusa rabi. Ta goge masa baki, ta ce, "Sannu Baba," ta fito falo ta zauna a kan keke, ba don ɗinki ba, don ƙafafunta sun gaji. Ruwa ba ya tsami banza, abin da take ta juyawa a ranta ke nan. Mutum yana sha a gabanka, likita ya ce a bushe yake. To ina ruwan ke zuwa?

Sai idonta ya faɗa kan madubi. Ƙofar ciki a buɗe take, madubin kuma ya ɗauko gadon gaba ɗaya. Ta ga Baba ya ɗan ɗaga ido ya dubi ƙofa, irin duban yaron da zai saci nama. Kumatunsa a cike suke tam. Da hannun hagu ya janye tawul ɗin, ya karkata kai a hankali, ya saki ruwan da ya guntsa a kan matashin, kaɗan-kaɗan, yana matsar da baki daga wannan gefe zuwa wancan don ko'ina ya samu. Da ya gama ya mayar da tawul, ya shafa shi da tafin hannu, ya lumshe ido.

Innalillahi! Wannan ba dalala ba ce. Wannan aiki ne na mai hankali, wanda ya san abin da yake yi, kuma ya san ba ya so a gani.

Ta faɗa ɗakin ko ɗankwali babu. "Baba! Baba, me na gani? Kashe kanka za ka yi a ɗakina?"

Ya zaro ido, ya danne tawul ɗin. Ta janye shi da ƙarfi, abin da ba ta taɓa yi wa mahaifinta ba. Wani wari ya bugi hancinta, warin hatsin da aka jiƙa ya kwana. Abin da ta gani ya sa ta ja da baya har ta yi karo da kujera. Matashin ya kumbura. Fararen saiwoyi sirara sun huda ƙyallen ta ƙasa sun kama zanen gado, ta gefen bango kuma, inda hasken taga ke sauka, tsiro ne kore shar ya leƙo ta kowace kafa.

Matashin kai ya yi ganye. A ɗakinta, a saman bene, ƙarƙashin kuncin ubanta.

Ta kira Auta a waya. Ya baro fasinja a tasha ya zo a guje, yana hawa bene yana faɗa. Da ya gani shi ma ya yi turus, ya riƙe baki, ya yi salati. Amma shirun Auta ba ya daɗewa.

"Taɓ! Gona a kan gado? Yaya, ciwon nan ya taɓa masa kai, ba ki gani ba? Wannan ruɓaɓɓen abu ma kaɗai ya isa ya sa masa wani ciwon. A ɗauke shi kawai. In bai ga inda zai zuba ba, dole ya haɗiye."

A nan Tela ta yi wauta, kuma gaskiya kowa ma zai iya yin ta. Maganar likita na kunnenta, zargin jiya na cin ranta, ga kuma abin da ya yi kama da mafita a sauƙaƙe. Ta ce, "To, ɗauke."

Auta ya kama gefe ɗaya. Baba ya riƙe ɗayan. Wa zai ce akwai sauran ƙarfi haka a jikin da ya zama ƙashi da fata? Auta ya ja, tsohon ya ja, gado ya yi ƙara. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba, ba magana ba, ba kuka ba, wani gurnani mai tsawo da Tela ba ta taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ta ce, "Auta, dakata," amma ƙyallen ya riga ya yage. Jiƙaƙƙen gero ya watse a gado da ƙasa. Auta ya naɗe zanen gadon da komai da komai, ya sa tsintsiya ya share ɗakin tas, shi da bai taɓa share ko motarsa ba, ya sauka da ƙunshin. Mai kwasar shara na wucewa da kurarsa a daidai lokacin, ya jefa masa.

Ya dawo yana karkaɗe hannu. "Shi ke nan. Ba shi ruwa ki gani."

Ta kawo kofi. Baba bai kalle ta ba. Ya datse haƙora, ya juya fuska bango.

"Fushi ne, zai huce," in ji Auta, ya koma tasha.

Bai huce ba. Ta kawo da cokali, ya ƙi. Ta jiƙa auduga ta matsa masa a leɓe, ya bar ruwan ya gangara ta haɓa. Ta yi lallashi, ta yi magiya, ta haɗa shi da girman Allah, ta haɗa shi da darajar Inna. Ta yi faɗa ma, ta ce, "Baba, so kake duniya ta zage ni? So kake a ce na kashe ka da ƙishirwa?" Ko gezau. Da can ashe yana haɗiye ɗan abin da ya kuɓuce masa, shi ya riƙe shi. Yanzu ko ɗigo ba ya wucewa. Yini ya wuce, aka wayi gari leɓensa ya tsage har da jini, numfashinsa ya koma gajere. Tsoro ya kama Tela, tsoro na gaske.

Tana durƙushe tana neman murfin kofi da ya gangara ƙarƙashin gado, hannunta ya taɓo wani ƙyalle. Yagaggen gefen matashin ne, wanda tsintsiyar Auta ba ta kai gare shi ba. Za ta jefar, sai idon sana'a ya tsayar da ita. Ta juya ɗinkin ta duba. Inna ɗinkinta ƙanana ne, a jere, kamar an auna. Wannan kuwa manyan taku ne karkatattu, da zaren buhu, hudar basilla. Ɗinkin namiji ne wanda bai saba da allura ba, ɗinkin mai ɗinke bakin buhu. Baba ne ya ɗinka shi da kansa.

A lungun ɗinkin akwai busasshen ɓawon ƙwaya biyu da suka maƙale. Ta kai su taga. Ƙanana ne, masu duhu-duhu, ba irin geron kasuwa ba.

Gajere ne. Haka suke kiransa a gida, geron da Baba ya gada wurin nasa uban, wanda ba ya tsawo, ba ya jiran ruwa mai yawa, yana nuna tun na maƙwabta na fitar da kai. Duk shekara kafin girbi Baba kan shiga gona shi kaɗai, ya bi layi-layi yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya yanke ya ɗaure daban, ya rataye a rufin madafa inda hayaƙi zai kore masa ƙwari. Wannan shi ne iri, ba a taɓa shi. Ta tuna shekarar da ruwa ya ɗauke, rumbu ya ƙare, suna cin ganye, damin nan na rataye a saman kansu. Inna ta yi kuka ta ce ko rabi a sauke saboda yara. Baba ya fita waje ya zauna, shi ma idonsa jawur, ya ce wanda ya ci iri ya cinye baɗi. Da damina ta dawo, rabin unguwa a wurinsa suka samu abin shukawa.

Da aka rufe gidan ƙauye, 'yan'uwa sun kwashe abin da ke rumbu, an ci. Babu wanda ya tambayi iri, ita ma ba ta tambaya ba. Ashe tsohon, tun da ya fara jin hannunsa na nauyi, ya sussuke shi ya ɗinke a inda ya san ba mai ci. Shi ya sa ranar farko, da ta ɗauka za ta ɗumama masa a murfin tukunya, ya yi ta bugun gado har ta mayar. Ruwan farko kuma ya sauka a makon da ya wuce; ta ga yadda ya buɗe hanci yana shaƙar ƙamshin ƙasa ta taga. Lokacin shuka ya yi, ba ƙafa, ba baki, ba gona. Ruwan da yake da iko da shi a duniya shi ne na cikin kofin nan, sai ya ba gero.

"Wayyo Allah, Baba," ta ce, ta dafe kai. "Me muka yi?"

Ta zari mayafi ta sauka, takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya na wanka. Ta bi layi tana tambayar inda mai kura ke juye shara. A bayan kasuwa ta same shi, gefen wani juji da ke ta hayaƙi.

"Malam, don Allah, ƙunshin zanen gado na jiya, wanda aka jefo maka daga bene. Ina yake?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Mai tsiron nan? Ai zanen na wanke na ba wata tsohuwa. Abin cikin kuwa, ga masu shi can." Ya nuna da haɓa.

Kaji ne da awaki, suna ta tono. Tela ta shiga jujin da ƙafafunta, ta kore su, ta durƙusa tana tona da hannu cikin toka da ledoji da ɓawon albasa. Masu wucewa suka tsaya kallo, wata mai kawo mata ɗinki ma ta gane ta, ta kira ta, ba ta ɗago ba. Ko ƙwaya ɗaya ba ta samu ba. Abin da fari bai ci ba, abin da yunwa ba ta ci ba, kajin bayan kasuwa sun gama da shi kafin la'asar. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Da ta dawo ta tarar da Auta a bakin gado da kofi a hannu, ido ya raina fata. Ya gwada, shi ma an ƙi shi. Ta miƙa masa yagaggen ƙyallen. Ya juya shi, ya ga ɗinkin, ya ga ɓawon. Shi ma ɗan gidan ne, ba sai an yi masa bayani ba.

"Gajere ne?" ya tambaya.

"Shi ne. Na ƙarshe."

Auta ya zame ya zauna a ƙasa.

Tela ta wanke hannu, ta ɗebo ruwan ɗumi za ta goge wa Baba jiki, don ba ta san me kuma za ta yi ba. Ta goge fuska, ta goge wuya, ta goge hannun da ya mutu. Da ta zo na hagu sai ta ji shi a dunƙule, tauri kamar dutse. Ta tsaya. Tun jiya hannun nan yake haka, a manne da ƙirjinsa, ita kuwa ta ɗauka fushi ne.

Ba ta ja ba, ta koyi darasi. Ta durƙusa ta kawo bakinta kusa da kunnensa.

"Baba, na gane. Gajere ne. Mun yi maka laifi, ni da Auta, ka yafe mana. In akwai saura a hannunka, ka ba ni. Wallahi ba zan zubar ba. Shukawa zan yi, yanzu, a gabanka."

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan idonsa ya juyo ya tsaya a kanta, yana auna ta. Yatsun suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, don sun sandare. A tafin hannun akwai ɗan curin tsiro da ya damƙo lokacin kokawa. Yawancinsa ya murƙushe ya yi baƙi. Amma a tsakiya, inda gumin hannu ya riƙe danshi, akwai 'yan ƙwayoyi da saiwarsu ke nan fara, ba ta karye ba.

"Auta, ƙasa!" ta ce. "Mai yashi-yashi, wurin masu ginin can. Yi sauri!"

Auta ya sauka bene da gudu, ya dawo da ƙasa a cikin hularsa. Tela ta juye gwangwanin maɓallanta a kan tebur, suka watse ko'ina, ta huda gindinsa da almakashi, ta cika shi. Ta jawo kujera dab da gado inda hasken taga ke faɗowa. Da ɗan yatsa ta yi ramuka, ta ɗauki tsiron ɗaya-ɗaya da bakin allura don kada ta ji musu ciwo, ta saka, ta rufe. Idon Baba na bin hannunta, ko ƙiftawa ba ya yi.

Ta ɗauki kofinsa ta fara zubawa. Ƙasar ta shanye, ta ƙara. Hawaye sun rufe mata ido, ba ta ma ganin abin da take yi, zuba kawai take, kamar yawan ruwan ne zai biya abin da kaji suka ci. Ruwa ya fara taruwa a saman gwangwanin.

Caraf, aka riƙe mata wuyan hannu.

Baba ne. Ya haɗe gira, yana mata irin kallon da yake musu suna yara in sun taka shuka. 'Yar manomi guda, ta manta gero ba shinkafa ba ne, ruwa in ya yi yawa kashe shi yake. Ya riƙe hannun nata har sai da ruwan da ya taru ya nutse cikin ƙasa, ya duba, ya gamsu. Sannan a hankali ya jawo hannun da kofin zuwa bakinsa.

Tela ba ta kalli fuskarsa ba, ba ta kalli kumatunsa ba. Maƙogwaronsa ta zuba wa ido, Auta ma ya taso ya leƙo ta kafaɗarta. Maƙogwaron ya hau, ya sauka. Ya sake hawa, ya sauka. Sai da ya ga gindin kofin, sannan ya tura mata shi, ya nuna tulu da ido.